Yadda Ake Tsara Fatan Na Saƙar Hannu Har A Kai Shi Kasuwa

Tun da na fara nuna hulunan sanyi da rigunan jarirai da nake saƙawa, tambaya ɗaya ce take ta dawo mini ta bakin mutane daban-daban: yaya ake rubuta yadda aka yi abu, har wata da ba ta san ki ba ta saya, ta zauna a ɗakinta, ta fitar da irinsa? Na amsa wa wasu a taƙaice, amma taƙaitacciyar amsa ba ta biya musu buƙata, don haka ga aikin a jere daga farko har ƙarshe. Da 'yan'uwa mata zan yi magana domin su suka fi tambaya, amma duk wanda ya riƙe tsinke abin ya shafe shi.

Ki riƙe abu guda tun yanzu. Mai sayar da fatan, wato rubutaccen tsarin saƙa, alkawari take sayarwa: cewa duk wadda ta bi takardar nan layi-layi za ta samu abin da ke cikin hoto, daidai da girman da aka faɗa, ba tare da ta nemi marubuciyar ba. Duk matakan da ke ƙasa hanyar cika wannan alkawari ce. Zan ɗauki hular sanyi a matsayin misali, domin ita ce abin da nake ba kowa shawara ta fara da shi. Idan na ce ido, ina nufin kowane madauki ɗaya da ke kan tsinke. Layi shi ne tafiya ɗaya daga gefe zuwa gefe, zagaye kuwa shi ne tafiya ɗaya idan ana saƙa a kewaye.

Mataki na 1: Haɗa kayan aiki

Ga hula, ki nemi tsinke mai igiya na santimita 40, da tsinkaye masu baki biyu guda huɗu ko biyar don ƙarasa saman kai idan idanu sun yi kaɗan. Tsinken gora ko na katako yana riƙe zare, na ƙarfe yana zamewa da sauri. Ba a iya cewa wannan ya fi wancan, amma ki sani hannunki zai iya fitar da awo daban a kan kowanne, ko da kaurinsu ɗaya ne. Wanda kika yi gwaji da shi, da shi za ki saƙa samfur.

*Gargaɗi:* ki riƙa rubuta kaurin tsinke da milimita. Lamba 8 a tsarin Amurka milimita 5 ce, lamba 8 a tsohon tsarin Ingila kuwa milimita 4 ce. Idan kika rubuta lamba kawai, rabin masu sayenki za su ɗauko tsinken da ba shi ba.

Zare kuma an kasa kaurinsa daga lamba 0 zuwa 7, bisa tsarin ƙungiyar Craft Yarn Council ta Amurka, kuma yawancin kamfanoni suna buga lambar a jikin takardar da ke naɗe da dunƙule. Lamba 1 shi ne siririn da ake safa da shi, yana ba da ido 27 zuwa 32 a santimita 10. Lamba 3, wanda ake kira DK, yana ba da 21 zuwa 24 a kan tsinke mai milimita 3.75 zuwa 4.5. Lamba 4 yana ba da 16 zuwa 20. Fatan na farko, ki tsaya kan 3 ko 4, mai santsi, mai launi mai haske, domin a kan baƙin zare ko mai gashi-gashi ba ke ba, ba mai kallon hoto ba, babu mai ganin idanu.

*Gargaɗi:* ki sayi duk zaren aikin a lokaci ɗaya, ki duba lambar rini ta zama ɗaya a kowane dunƙule. Kuma kada ki gina fatan a kan zaren da aka daina yi ko wanda ba ya da suna.

Sauran ƙananan kaya su ne tef na awo, zobban alama, allura mai dakushin baki, fil wanda ba ya tsatsa, littafin rubutu, da sikeli mai awon giram. Sikelin nan shi ne mutane suka fi tsallakewa, alhali ba tare da shi ba ba za ki iya faɗa wa kowa yawan zaren da zai saya ba.

Mataki na 2: Daidaita hannu kafin a yi maganar tsarawa

Duk saƙar tsinke ido iri biyu ce: saƙar gaba, mai kama da harafin V, da saƙar baya, mai kama da ɗan ƙulli a kwance. Ko kina riƙe zare a hannun dama kina naɗawa, ko kina riƙe shi a hagu kina ɗaukowa da bakin tsinke, abin da zai fito ɗaya ne. Abin da ake nema shi ne idanunki su zama girma ɗaya daga safe har dare, ranar da kika huta da ranar da kika gaji.

Kafin ki rubuta wa wasu, ki tabbata kin san halin yadi uku da hannunki. Idan kika yi layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, yadin zai yi santsi amma gefensa zai nannaɗe, kuma babu guga ko wankin da zai hana shi. Sai an sa masa baki na wata saƙa. Idan kika yi kowane layi gaba, yadin zai yi tudu-tudu ya kwanta lafiya. Idan kika yi biyu gaba, biyu baya a layi ɗaya, za ki samu yadi mai jan roba, irin na bakin hula da wuyan hannu.

Sai ragi da ƙari, inda siffa take fitowa. Idan kika haɗa ido biyu kika saƙa su tare ta gaba, ragin zai jingina dama. Idan kika zame su ɗaya bayan ɗaya, kika mayar da tsinken hagu cikinsu kika saƙa su tare, zai jingina hagu. A kafaɗar riga ana amfani da su biyun, ɗaya a kowane gefe, don layukan su fuskanci juna. Wajen ƙari, naɗa zare a kan tsinke yana ƙara ido ɗaya tare da huda, abin da ake so a saƙar ado. Ɗago zaren da ke tsakanin ido biyu a saƙa shi a murɗe yana ƙara ido ba tare da huda ba.

Ɗora idanun farko ma ki iya aƙalla iri biyu. Wanda aka fi amfani da shi, mai doguwar wutsiya, yana son ki bar zare kamar ninki uku na faɗin aikin, da ɗan ƙari.

*Gargaɗi:* bakin hula da wuyan rigar jariri dole su miƙe. Idan ɗorawarki ko rufewarki (wato sauke idanun ƙarshe daga tsinke) tana da tsauri, ki yi ta da tsinken da ya ɗan fi kauri, kuma ki rubuta hakan a fatan. Kan jariri babba ne idan aka gwada da jikinsa, rigar da wuyanta bai shiga ba ta zama asarar mako guda.

Mataki na 3: Saƙa guntun gwaji

A nan zan daɗe, domin a nan yawancin fatan suke mutuwa tun ba a haife su ba.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki kima ba ta isa, sai an auna. Ki ɗora idanun da za su ba ki faɗin santimita 15 aƙalla, ki saƙa tsawon santimita 15, da irin saƙar da za ki yi a ainihin aikin. Dalilin yin 15 alhali 10 za a auna shi ne idanun gefe ba su da gaskiya, sukan saki ko su matse. Tsakiya ake aunawa.

Ki rufe, ki auna, ki rubuta. Daga nan ki wanke guntun yadda za a wanke kayan, ki matse ruwan a cikin tawul ba tare da murɗawa ba, ki shimfiɗa shi ya bushe sarai, sannan ki sake aunawa. Awo na biyu shi ne zai shiga fatan. Zare yana canza hali a ruwa: ulun da aka sarrafa don ya jure injin wanki yakan ƙara tsawo, auduga ba ta komawa idan ta miƙe, gashin alfaka (wata dabba ce dangin raƙumi) yakan sauka ƙasa saboda nauyinsa. Zaren akirilik kuwa, idan dutsen guga mai zafi ya taɓa shi, ya saki ke nan har abada.

Wajen ƙirgawa, ki kwantar da guntun a kan tebur, ki ɗora ma'auni mai tauri, ki sa fil a farkon santimita 10 da ƙarshenta, ki ƙirga idanun da ke tsakani har da rabin ido. Ki yi haka a wuri uku. Sannan ki juya ma'aunin ki ƙirga layuka. Za ki ga layuka sun fi idanu yawa, misali ido 22 da layi 30, domin idon saƙa ya fi faɗi a kan tsayi.

Ga abin da ya sa rabin ido ba abin rainawa ba ne. Riga mai ido 220 a kewayen ƙirji, a awon 22, za ta ba da santimita 100. Idan ainihin awon 21 ne, ta kusa 105. Idan 20 ne, ta zama 110. Bambancin da ba a gani a tafin hannu ya zama rigar wani mutum daban.

*Gargaɗi:* abin da za a saƙa a zagaye, a zagaye ake gwada shi. Mutane da yawa saƙar bayansu ta fi ta gabansu sakewa, kuma a zagaye babu layin baya a yadi mai santsi, don haka awon yakan bambanta. Idan ba kya son ɗora cikakken zagaye, ki saƙa layi ɗaya a kan tsinke mai igiya, ki zame aikin ya koma ɗaya bakin, ki ratso zare sako-sako ta baya, ki sake saƙa ta gaba. Bayan kin gama ki yanke zarurrukan bayan ki shimfiɗa.

Kada ki warware guntun gwaji don tattalin zare. Ki ɗaura masa 'yar takarda mai sunan zare, kaurin tsinke da awo, ki ajiye. Ranar da wata ta rubuto cewa awonki ba ya fitowa, shi ne shaidarki.

Mataki na 4: Yi lissafi a kan takarda

Ki fara da zane, ko da na fensir ne, ki rubuta awon kowane ɓangare a jikinsa. Sannan ki yanke shawara kan rara: shin kayan zai fi jiki faɗi ne ko zai ɗan gaza shi? Riga mai sakewa tana fin jiki. Hula da safa kuwa dole su gaza jiki da kusan kashi 10 cikin 100 don su kama.

Mu ɗauki kai mai kewayen santimita 56. Hular za ta zama kusan 50. Awonmu ido 22 a santimita 10, wato 2.2 a kowace santimita. Hamsin sau 2.2 ya ba da 110. Amma ba za mu ɗora 110 ba. Bakin hula na biyu gaba biyu baya yana son adadin da 4 za ta raba, ragin saman kai kuma za mu yi shi a gida takwas, yana son adadin da 8 za ta raba. Mafi kusa shi ne 112, wato gida takwas masu ido 14, kuma faɗin ya zama kusan santimita 51. Wannan ɗan sassauci tsakanin awo da abin da saƙa ta yarda da shi, shi ne rabin aikin mai tsarawa.

Saman kai: ki sa zobe bayan kowane ido 14. A zagayen ragi, ki saƙa har saura biyu kafin zobe, ki haɗa su, ido 8 sun tafi. Ki bi shi da zagaye ɗaya ba ragi. Ki yi haka sau bakwai gaba ɗaya, saura 56. Daga nan ki rage a kowane zagaye sau shida, saura 8. Jimilla zagaye 20, wanda a awon layi 30 ya kusa santimita 7. Sai ki cire wannan daga tsayin hular gaba ɗaya, ki san inda za a fara ragi.

Yanzu sauran girma. Tunda 8 ce ke mulki, kowane tsalle ɗaya santimita 3.6 ne. Ido 80 zai ba da kusan santimita 36, 96 zai ba da kusan 44, 112 kusan 51, 120 kusan 54 da rabi. A fatan ana rubuta su a jere: 80 (96, 112, 120), kuma wannan jeri ba ya canza tsari daga shafin farko zuwa na ƙarshe.

Ki zuba duk wannan a Excel ko Google Sheets, awo a gida ɗaya, sauran lambobi suna ɗaukowa daga gare shi. Idan awon ya canza, gida ɗaya za ki taɓa.

*Gargaɗi:* idan kin kai ga riguna, kada ki ƙara komai da kashi ɗaya. Jikin mutum ba ya girma haka. Ƙirji zai iya ƙaruwa da santimita 40 alhali faɗin kafaɗa da wuya sun ƙaru da kaɗan. Ki yi amfani da jadawalin awon jiki. Craft Yarn Council tana da nata a buɗe ga kowa. Masu manyan jiki sun daɗe suna sayen fatan da wuyansa ke zubowa daga kafaɗa, kuma suna gane wadda ta yi musu lissafi da gaske.

Mataki na 5: Saƙa samfur daga rubutu

Ki rubuta umarnin tukuna, ko da a gurguje ne, sannan ki saƙa kina bin abin da kika rubuta kamar wata ce ta ba ki. Duk inda hannunki ya yi abin da takarda ba ta faɗa ba, ki ajiye tsinke a take ki rubuta. Kada ki ce sai anjima. Na taɓa sauya wurin fara ragi ina tsakar saƙa, na ce zan gyara a takarda da dare, ban gyara ba. Bayan fatan ya fita wata baiwar Allah ta turo mini hoton hular da ta yi wa mahaifinta, ta rufe masa gira har ido. Ta bi umarnina daidai, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Na mayar mata da kuɗinta, amma kwanakinta uku ba su dawo ba, kuma har yau ina tuna hoton.

Kafin ki fara, ki ɗora dunƙulen a sikeli, bayan kin gama ki sake ɗora abin da ya rage. Idan dunƙule mai giram 100 yana da mita 200, kuma kin ci giram 62, kin ci mita 124. Ki ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin 100 saboda guntun gwajin mai saye da bambancin hannu, ki rubuta mita 140. Sauran girma, ki ƙirga jimillar idanun kowanne ki gwada da na samfur. Ki rubuta buƙata da mita, domin wadda ta sauya zare da tsawo za ta saya.

Mataki na 6: Rubuta fatan

Tsarin da masu saƙa suka saba shi ne: suna da hoto, gajeren bayani, girma da awon kayan bayan an gama, zare da yawansa, tsinkaye, sauran kaya, awon gwaji tare da faɗar irin saƙar da cewa bayan wanki ne, ma'anar gajerun kalmomi, sannan umarni, sannan yadda ake ƙarasawa. Kada ki ƙirƙiro sabon jeri. Mai saye tana neman kowane abu a inda ta saba samunsa.

Ki zaɓi kalma ɗaya ga kowane abu ki tsaya a kanta. Idan zagaye kika ce a shafi na 2, kada ya koma layi a shafi na 3. Bayan kowane layin da adadi ya canza, ki rubuta idanun da suka rage ga kowane girma. Wannan ɗan adadi shi ne ke sa mutum ya kama kuskurensa a layi ɗaya maimakon bayan ashirin. Ki guji umarni irin "a yi ɗaya ɓangaren haka amma a juye". Ki rubuta shi filla-filla, takarda ba ta ƙarewa.

Idan akwai ado, ki ba da jadawali, wato zane mai gidaje inda kowane gida ido ɗaya ne, da kuma rubutu, domin wasu da hoto suke gane abu, wasu da kalma. Manhajoji irin Stitch Fiddle da Stitchmastery suna zana jadawalin. Ki tuna ana karanta shi daga ƙasa zuwa sama, a zagaye kuma kowane layi daga dama zuwa hagu. Idan launuka ne, ki sa alama a cikin kowane gida ban da launin, saboda masu bugawa da baƙin tawada da waɗanda ba sa bambance wasu launuka.

Wadda za ta rubuta da Turanci ta yi amfani da gajerun kalmomin da aka sani, irin k (saƙar gaba) da p (saƙar baya) da k2tog (haɗa ido biyu ta gaba). Wadda za ta rubuta da Hausa kuwa, ta buɗe da jerin kalmominta da hoton kowane ido, tunda ba kowa ke kiran su da suna ɗaya ba. Ki fitar da shi a PDF, da rubutu mai girma, ki buɗe shi a waya ki gani, domin a waya da yawa za su karanta.

*Gargaɗi:* babu wanda ya mallaki saƙar gaba ko hanyar ragi, kowa zai iya amfani da su. Amma kalmomin wata, hotunanta da jadawalinta nata ne. Ɗaukar fatan na wata a sauya zare ko a fassara shi a sa suna sata ce, kuma masu saƙa suna gane ta da wuri.

Mataki na 7: Mai duba lissafi, sannan masu gwaji

Wannan jeri yana da muhimmanci. Mai duba lissafi ƙwararriya ce da ake biya, galibi bisa awannin da ta yi. Ba ta saƙa kayan. Tana bin kowane layi da kalkuleta, a kowane girma, ta ga ko adadi ya haɗu, ko awon zane ya yi daidai da idanu, ko an bar wata gajeriyar kalma ba fassara. Idan kuɗinki na abu ɗaya ne kawai, a nan za ki kashe shi. Idonki ba ya ganin kuskurenki, domin yana karanta abin da kike nufi.

Bayan an gyara ne ake kiran masu gwaji, aƙalla mutum ɗaya ga kowane girma, biyu ya fi. Ki haɗa da wadda ba ta daɗe da koyo ba, ita ce za ta tsaya a inda gwanaye ke tsallakewa da sanin kansu. Ki faɗa musu komai a rubuce tun farko: ranar gamawa, abin da kike so su aiko, da abin da za su samu. Ki nemi awon gwajinsu, awon kayan bayan wanki, giram ɗin da suka ci, da duk jimlar da suka karanta sau biyu. Hula tana son mako biyu zuwa uku. Rigar manya tana son wata biyu ko fiye, kuma mai babban girma tana buƙatar lokaci fiye da mai ƙarami, tunda idanunta sun ninka.

Waɗannan mutane zarensu da lokacinsu suke ba ki. Ki amsa tambayarsu da wuri, ki ba su kammalallen fatan da wani a kai, ki sa sunansu a godiya idan sun yarda. Kada ki ɗora musu tarar kuɗi don ba su gama ba. Rayuwa tana faɗo wa kowa.

*Gargaɗi:* kada ki sa hoton mai gwaji a talla sai da izininta.

Mataki na 8: Hoto

Hasken rana na safe ko na yamma, kusa da taga ko a inuwa, da bango marar hayaniya. Hoto ɗaya na gaba, ɗaya na baya, ɗaya na saman kai inda ragi ya haɗu, ɗaya na kusa da ke nuna idanu. Kada ki ɓoye wani ɓangare da hannu ko mayafi. Mai saye za ta ɗauka akwai abin da ba a so ta gani.

Mataki na 9: Farashi da wurin sayarwa

Ki jera abin da kika kashe: zaren samfur da na gwaji, ladan mai duba lissafi, hoto, manhaja idan ta kuɗi ce, da awanninki, waɗanda ya kamata ki riƙa rubutawa tun daga zane. Sannan ki duba abin da fatan masu kama da naki suke yi a kasuwar da kika nufa. Daga farashin da kika zaɓa ki cire kason dandalin sayarwa da na kamfanin biyan kuɗi. Abin da ya rage shi ne naki a kowane kwafi. Ki raba jimillar kashewa da shi. Idan ya ba da 40, to sai kwafi na 41 riba ta fara. Amfanin wannan sana'a shi ne fatan ba ya ƙarewa a shago: aikin sau ɗaya ne, sayarwa kuwa shekaru. Wahalarta kuma ita ce watannin farko sukan yi shiru.

Ravelry, wanda aka buɗe a 2007, shi ne babbar matattarar masu saƙa a intanet, kuma ƙarfinsa shi ne duk wadda ta saƙa fatan naki za ta iya liƙa hoton aikinta a shafinsa, sabuwar mai saye ta ga yadda ya fito a hannaye da yawa. Etsy yana kawo masu saye daga wajen da'irar masu saƙa, yana karɓar ɗan kuɗi a kan kowane kaya da kika jera don sayarwa na tsawon wata huɗu, da kashi 6.5 cikin 100 na ciniki tun 2022, ban da kuɗin sarrafa biya. Payhip yana ba ki shago naki, amma ke za ki kawo mutane.

*Gargaɗi:* kafin ki buɗe shago ko'ina, ki tabbatar da hanyar karɓar kuɗi. Ravelry ta PayPal yake bi, kuma ba a kowace ƙasa PayPal yake barin a karɓi kuɗi ba. Etsy ma yana da jerin ƙasashen da yake buɗe wa sababbin shaguna. Haka nan tun 1 ga Janairun 2015 Tarayyar Turai take karɓar harajin VAT a kan kayan dijital bisa ƙasar mai saye. Etsy da Payhip suna karɓa su biya a madadinki. Idan daga shafinki kike sayarwa kai tsaye, nauyin a kanki yake.

Ra'ayina, kada ki raina farashinki don ke sabuwa ce. Idan kina son a san hannunki, ki ba da ƙaramin fatan ɗaya kyauta, wanda aka duba shi kamar na kuɗi, sauran ki sa musu farashinsu.

Mataki na 10: Fitarwa da abin da ke biyo baya

Ki fara nuna aikin tun yana kan tsinke, ki sanar da ranar fita, ki roƙi masu gwaji su sa hotunansu a ranar. Ki tara adireshin imel na masu son jin sabon aiki, da yardarsu, domin shafin sada zumunta zai iya daina nuna ki gobe.

Tambayoyi za su zo. Tambayar farko da za ki mayar wa duk wadda ta ce girman bai fito ba ita ce: nawa ne awon gwajinki bayan wanki? Idan mutum uku suka tsaya a jimla ɗaya, jimlar ce ke da laifi, ki sake ta. Idan aka kama kuskure na gaske, ki gyara a ranar, ki sa lambar bugu da kwanan wata a ƙasan kowane shafi, ki rubuta a fili abin da ya canza da shafin da yake, ki tura sabon fayil ga duk waɗanda suka saya. Ravelry yana da maɓallin tura sabuntawa ga masu saye gaba ɗaya. A Etsy kuwa sai kin bi su da saƙo ɗaya bayan ɗaya, don haka ki riƙa ajiye jerin cinikinki tun daga kwafi na farko.